Littafi Goma Sha Biyu, Kowane Wata da Irinsa

Mazaunin Tudun Wadar Zariya da ya ƙudurta karanta littafi guda kowane wata bai da uzurin rashin abin karantawa. A unguwarsa aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, kuma a Zariya aka shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja, Ganɗoki da Shaihu Umar.

Dabarar ita ce kada ya liƙe wa nau'i ɗaya. Ya fara da Ruwan Bagaja, don gajere ne kuma yana jan mutum. Wata na biyu sai waƙa: Imfiraji ta Aliyu Namangi, wadda sai an rera ta a bayyane take daɗi, ko bayan sallar isha'i ne a zaure. Wasan kwaikwayo irin Uwar Gulma kuwa, a raba wa 'yan gida matsayi, kowa ya karanta nasa.

Masu raina littattafan Kano suna asara. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya cancanci wata sukutum, haka ma, ko da yake ba ya cikin littattafan Kano, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin tafiya sararin samaniya.

Littafin tarihi mai kauri, irin Hausawa da Maƙwabtansu, kada a sa shi a watan azumi. A bar shi sai bayan sallah.