Damuwar Zuciya Bayan Jiyyar Sankarar Nono

Godiya ta tabbata ga Allah Mai saukar da cuta da magani, tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi matan da Allah Ya jarraba da sankarar nono, aka yi musu magani suka tashi, amma zuciya ba ta tashi tare da jiki ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an sami wannan cuta a jikin mata kimanin miliyan 2.3. A Birnin Kebbi da Argungu da ƙauyukansu, mai ita takan fara da asibitin gida, kamar na Sir Yahaya, sa'an nan wata sai ta dangana da asibitin koyarwa na Sakkwato. Ta komo an yanke nono, gashin kai ya zube, dukiya ta ƙare, wani lokaci hannu ya kumbura. Daga nan sai rashin barci, da fargabar komowar cutar, da tsoron kada maigida ya juya mata baya.

To, kuskuren da jama'a ke yi shi ne ɗaukar wannan baƙin ciki a kan raunin imani, har a riƙa yi mata gorin rashin tawakkali. Alhali kuwa Suratu Yusufa ta ba da labarin Annabi Yakubu, wanda baƙin ciki ya taɓa ganinsa, bai kuwa rage masa daraja ba. Abin da shari'a ta hana shi ne fushi da hukuncin Allah, ba zubar hawaye ba.

Malamai sun daɗe da sanin haka. Abu Zaidu Balhi, wanda ya rasu a 934, ya wallafa Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya lissafa tsoro da baƙin ciki da waswasi cikin cututtukan da a ke yi wa magani. A ƙasar Gwandu ma, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insani a kan gyaran addini da jiki tare.

Maganin kuwa hawa uku ne. Na farko a kanta ya ke: ta lizimci zikiri da addu'a, ta motsa jiki gwargwadon iko, kada ta yanke ganin likita, kuma ta san rangwamen da shari'a ta yi mata. In ruwa zai cutar da miki, ta yi shafa a kan ɗaurin ko ta yi taimama. In tsayuwa ta gagara, ta yi salla a zaune. In azumi zai cuce ta, ta sha ta rama.

Na biyu a kan miji da dangi ya ke. Wannan cuta ba a ɗaukarta ta cin abinci tare ko zaman ɗaki ɗaya, saboda haka ware mata kwano ko ƙaurace mata zalunci ne. Mijin da ya ci moriyar lafiyarta, lalle ne ya kyautata mata a lokacin rauninta.

Na uku a kan unguwa ya ke. Gaida mara lafiya hakki ne na Musulunci, ba ya kuwa ƙarewa ranar sallama daga asibiti. Ya kamata matan Islamiyya su haɗa ta da waɗanda suka sha irin wannan suka warke, gama wanda ya taɓa ɗanɗana ciwo ya fi iya lallashi.

In ƙunci ya wuce mako 2, ta daina ci da barci, ko ta fara fatan mutuwa, to, a gaggauta kai ta wurin likita, domin neman magani ba ya warware tawakkali. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.