Amsoshin Tambayoyinku: Taron ƙara wa juna sani, aiki ne ko yawo?

Wani mai sauraronmu daga Gabi, gundumar Madarunfa, yana tambaya: don me ake tura sabbin ma'aikatan kula da ɗalibai taruka, alhali aiki na jiransu?

Malam, wannan aiki a bakin waɗanda suka riga ka ake koyonsa. A Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, wadda aka kafa a 2010, hukumar CROU ke kula da ɗakunan kwana da abinci, ANAB kuma ke biyan bursu. Ranar da bursu ya makara, ɗalibai suka cika ƙofar ofis, wakilan ƙungiyar ɗalibai ta USN na gaba, digiri ba zai gaya wa sabon ma'aikaci abin da zai faɗa ba. A taro ne takwaransa na Damagaram ko Tawa zai bayyana masa yadda ake raba gadaje ba son kai, da yadda ake zama da shugabannin ɗalibai kafin a kai ga yaji.

Masu cewa kuɗin mota da masauki kawai ake ɓarnatarwa suna da hujja idan alawus ne ya kai mutum. Maganin hakan shi ne duk wanda aka tura ya dawo da rahoto, ya koyar da abokan aikinsa. Allah ya sa mun gamsar da kai.