Yaro Ya Iya Faɗin Turanci, Ya Gane Kuwa?

 Darasinmu na wannan fitowa a kan karatun Turanci na yaranmu ne, amma za ku ga ya shafi gona da tukunyar miya.

Ga abin da ya sa muka ɗauko zancen. Mun sha ganin haka a fadama lokacin noman rani. Manomi ya sayo maganin ƙwari a kasuwa, ya kira ɗansa na aji biyar ya ce, "Kai da ke boko, karanta mini abin da aka rubuta a jikin kwalbar nan." Yaro ya karɓa, ya karanta sarai da murya, ba gargada. Uban ya ji daɗi ƙwarai. Sa'an nan ya ce, "To, murfi nawa zan zuba a ruwa? Kwana nawa kuma zan jira kafin in tsinki tumatir?" Sai yaro ya yi shiru yana duban ƙasa. Ya faɗi kalmomin duka, amma ko ɗaya ba ta shiga kansa ba. Uban kuwa sai ya zuba bisa ga yadda ya ga dama. In ya yi yawa ya ƙone shuka, in ya yi gaggawar tsinka ya kai wa iyalinsa guba.

Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna da Ayyukan Manzanni sura 8. Filibus ya iske wani babban mutumin Habasha a cikin karusarsa yana karanta littafin annabi Ishaya. Mutumin ya iya karatu, gama Filibus ya ji muryarsa yana karantawa. Duk da haka abin da Filibus ya fara tambayarsa shi ne ko yana ganewa, shi kuwa ya amsa cewa sai da mai yi masa jagora. Aikin jagoran nan ne muke so mu koya tare.

Kada wani ya ce yaran ƙasarmu ne kaɗai. A 2022 Bankin Duniya da waɗansu ƙungiyoyi sun ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka da ke kudu da Hamada, yara 89 cikin 100 masu shekara goma ba su iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi ba. Wannan bai rage mana nauyi ba, amma ya nuna ba taurin kan ɗanka ba ne.

HAUSA CE TSANIN

Gwamnati ta sha sake shawara a kan harshen koyarwa. Bayan an fara ba da ilimin firamare kyauta a 1976, manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen gida ko na gari, daga baya a juya zuwa Turanci. A 2022 aka ce a yi shekara shida na firamare duka da harshen gida. A watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya ba da sanarwa an janye wannan, a koma Turanci. Mu ba mu da iko a kan abin da a ke yi a Abuja. Mun dai sani jarrabawa da Turanci a ke yinta, takardar asibiti da ta banki ma haka. Mun kuma sani ba wanda ya hana uwa ko malamin ajin yamma su yi wa yaro bayani da harshen da ya ke ji.

Waɗansu iyaye su kan ce, "Na sa shi makaranta domin Turanci, me zai yi da karatun Hausa?" Muna roƙonsu su yi haƙuri su ji wannan. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na jami'ar Ife suka fara wani gwaji. Suka koyar da waɗansu yara dukan darussa da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuwa darasi guda ne a cikinsu. Da aka gwada su da yaran da aka juya wa harshe tun da wuri, ba su kasa a Turanci ba, a sauran darussa ma sun fi. Maƙwabtanmu na Sakkwato da mutanen Bauchi su ma sun yi aiki da littattafan Mu Karanta, inda a ke fara karatun Hausa, Turanci ya biyo baya.

Dalilin a fili ya ke. Hausar boko kusan yadda a ke faɗinta haka a ke rubuta ta. Yaro ya haɗa "ma" da "sa" da "ra", nan da nan ya ga masara a zuciyarsa. Tun ranar ya gane cewa baƙaƙen nan magana su ke yi. Turanci kuwa yana da baƙaƙe 26 amma sautinsa wajen 44 ne, har baƙi guda ya kan yi murya biyu ko uku. Yaron da ya fara da shi yana fama da abu biyu gaba ɗaya, baƙaƙen da bai sani ba da harshen da bai ji ba. Abin da ya rage masa sai hadda. Yaranmu kuwa gwanayen hadda ne, shi ya sa su kan ruɗe mu.

A ikilisiyoyinmu na Birnin Kebbi akwai yaran da iyayensu suka zo daga ƙasar Zuru ko Yawuri, akwai kuma Zabarmawa da Fulani a ƙauyuka. Ga irin waɗannan Hausa ma harshe na biyu ne. Malami ya bincika tun farko, kada ya ɗauka kowa ya ji.

YADDA ZA A BI DA SHAFI GUDA

Kada a buɗe littafi tukuna. A fara da hira. In labarin a kan kamun kifi ne, ka tambayi yara da Hausa wa ya taɓa zuwa Matan Fada, me ya gani, yaya masunta su ke hawa gora su bi ruwa da homa. Ka bar su su yi gardama a kan girman giwan ruwa. Minti biyar ya isa. Yaron da ya shiga shafi da hoton abin a kansa ya riga ya ci rabin aikin.

A nan za mu yi ɗan ƙorafi. Littattafai da yawa suna maganar ƙanƙara mai sauka kamar auduga, da bakin teku, da tuffa, abubuwan da yaron Argungu bai taɓa gani ba. Ga shi kuwa a ƙofar gidansa akwai bikin kamun kifi da aka fara a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar zumunci Argungu, bikin da hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016. Akwai gidan tarihi na Kanta, akwai kufan Surame. Ba mu ce kada yaro ya san teku ba, zai sani a kan lokaci. Amma a fara da gulbi. In ba littafin da ya dace, malami ya rubuta nasa a allo. Ga wanda muka rubuta domin misali:

Audu's father grows rice near the river. Last year the water came early and covered the farm. He did not get even one bag. This year he planted on higher ground.

Duk wanda ya ga ambaliyar 2020 a fadamun Kebbi ya san wannan labari kafin ya karanta shi. Kafin yara su duba, ka zaɓi kalmomi uku ko huɗu waɗanda in ba su labarin ba zai fito ba, misali early da covered da higher. Ka nuna su da hannu da jiki: ka rufe littafi da hula, ka ɗora yaro a kan benci. Kada ka cika allo da kalmomi ashirin, gobe ba ko ɗaya da za ta kwana. Sa'an nan ka karanta musu sau ɗaya da murya mai daɗi kamar mai ba da tatsuniya. Su karanta biyu biyu, kāna kowa ya karanta a zuci. Karatun baki ɗaya da ihu, wanda a kan ji daga bakin hanya, yana ɓoye yaron da bai iya ba, gama leɓe kawai ya ke motsawa.

Yanzu sai tambaya, a nan ne kuwa yawancinmu mu ke kuskure. Mu kan ce, What does Audu's father grow? Yaro ya duba inda kalmomin suka yi kama, ya kwafe, ya ci maki. Wanda bai ji Turanci ko kaɗan ba zai iya haka. Irin wannan tambaya ba laifi a fara da ita, amma kada a tsaya nan. Ka tambaya, "Don me ya yi shuka a tudu bana?" Ba inda aka rubuta amsar. Sai yaro ya haɗa jimla ta biyu da ta huɗu da kansa. Ka tambaya, "Wannan He ɗin, wane ne, Audu ko ubansa? Yaya ka sani?" Ka tambaya, "Da kai ne, me za ka yi?" In yaro ya amsa da Hausa daidai, ya gane, ka yaba masa. Bayan haka ka taimake shi ya mayar da amsar Turanci. Wanda a ke duka domin ya yi Hausa a aji, shiru zai koya.

Gwaji mafi sauƙi shi ne a rufe littafi a ce, "Ba ni labarin da bakinka." Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya yin wannan tana tankaɗe. In labarin ya fito da kai da gindi, ta san an gane. In yaro ya ce, "Turanci ne, ba ya faɗuwa da Hausa," to, a koma baya.

ƘANANAN KALMOMI

Manyan kalmomi ba su ne su ke kā da yaro ba. Ƙananan ne, waɗanda ido ya kan tsallake: not, but, because, before, after, until. Dubi wannan jimla irin ta jikin kwalba, ko da ya ke yawan kwanakin ya bambanta daga magani zuwa magani:

Do not harvest until 14 days after spraying.

Yaro ya san harvest, ya san days, ya san spraying. Amma in bai riƙe not da until da after ba, zai iya gaya wa ubansa a yi feshi kwana 14, ko a yi girbi kafin kwana 14. Saboda haka a ware wa kalmomin nan lokaci nasu. A rubuta jimla, a share kalma guda a sa wata, a tambayi yara abin da ya sake. A sa su yi da jiki: wanke hannu before cin abinci, share aji after tashi.

Akwai kuma kalmomi masu fuska biyu. The fishermen ran down the bank. Yaron birni zai ga masunta sun ruga banki karɓar kuɗi, alhali gaɓar gulbi a ke nufi. Well rijiya ce, lafiya ce kuma. A koya wa yaro ya dubi maƙwabtan kalma kafin ya yanke mata hukunci.

Wani abin ƙarfafa zuciya shi ne yaranmu sun riga sun san Turanci fiye da yadda su ke zato. Bokiti, tebur, famfo, direba, fensir, asibiti, duka daga can muka aro su. Ka sa su yi gasar tattara irinsu, ka rubuta asalin kowace a gefenta. Su kan yi dariya in sun ga bucket ashe tsohon saninsu ne.

A kan zaɓen littafi, masu bincike biyu, Hu da Nation, sun nuna a shekara ta 2000 cewa mai koyon Turanci yana bukatar sanin wajen kalmomi 98 cikin 100 kafin ya karanta labari shi kaɗai ya gane sosai. Don haka ka ba yaro shafi, ya lanƙwasa yatsa duk inda ya gamu da baƙuwar kalma. In hannu guda ya ƙare kafin shafi ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinsa, a nemo mai sauƙi. Ba abin kunya ba ne ɗan aji shida ya karanta littafin aji uku.

Mun san wahalar da ke akwai. Aji ya cika maƙil, littafi guda yara biyar, in shinkafa ta fara nuna kuma a kan kwashe yara zuwa korar jan-baki. Domin wannan muna ba dattawan ikilisiya shawara su buɗe ɗakin sujada da yamma sau biyu ko uku a mako, rabin sa'a kawai, ga kowane yaron unguwa ba tare da bambanci ba. 'Yan sakandare da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, in sun zo hutu, za su iya riƙe yara biyar biyar. Zumuntar mata kuma ta ɗauki nauyin akwati guda mai makulli domin ajiyar littattafai, saboda gara da ɗigon daminar bana.

Aikin wannan wata ga kowane aji: malami ya kwafo rubutun da ke jikin buhun taki, da na kwalbar maganin feshi, da na kwalin maganin zazzaɓi, ya rubuta a takarda da manyan baƙaƙe. Takardar za a kawo aji, kwalbar kuwa kada ta kusanci yara ko da babu kome a cikinta. A bi da su yadda muka nuna a sama, sa'an nan kowane yaro ya je gida ya faɗa wa ubansa da Hausa nawa a ke zubawa, yaushe, da abin da aka hana. Ku rubuto mana kalmomin da suka fi ba yaranku wuya, za mu yi darasin fitowa ta gaba a kansu.