Girman Kai Rawanin Tsiya: Darasi Daga Wasan Dakta Faustus

A cikin littattafan Turanci da muka karanta, babu wanda ya tsaya mana a rai kamar wasan kwaikwayon nan, Dakta Faustus. Christopher Marlowe ne ya tsara shi, ɗan wani baduku mai ɗinkin takalma. An haife shi a Canterbury ta Ingila cikin 1564, aka kashe shi da wuƙa cikin 1593. Ba a buga littafin ba sai 1604.

Shi Faustus ɗan talakawa ne, ya yi karatu a Wittenberg ta ƙasar Jamus har ya zama shehun malami. Ran nan ya zauna ya auna ilmi iri huɗu, wato manɗiƙi, da magani, da shari'a, da addini, ya raina su duka, don kowannensu yana barin mutum a matsayinsa na ɗan Adam. Shi kuwa so yake ya ƙetare wannan iyaka. Sai ya koma ga sihiri, ya kirawo wani shaiɗani wai shi Mephistophilis, suka ƙulla alkawari a yi masa hidima shekara 24, bayan nan ransa ya zama na Iblis. Da jininsa ya rubuta takardar. Jinin ya daskare, amma bai ɗauki wannan ishara ba.

To, ga inda darasin yake. Tun da fari burinsa ya kewaye Jamus da ganuwar tagulla, ya karkato Kogin Rhine ya zagaye Wittenberg, a kwaso masa zinariyar ƙasar Hindu. Da iko ya samu fa? Ya tafi birnin Rum ya ɓace wa ido, yana fizge abinci daga gaban Paparoma. Ya sa ƙaho ya tsiro wa wani barde a fadar Sarki Charles na Biyar. Ya sayar wa wani dillali doki, da aka shiga ruwa da shi ya rikiɗe ya zama damin ciyawa. Shehun malami ya koma wawan sarki ke nan. Ko ilmin da ya saya da ransa bai cika ba, gama da ya tambayi wanda ya halicci duniya, shaiɗanin ƙin faɗa ya yi.

Wani tsoho ya yi masa gargaɗi ya tuba, shi kuwa ya ɗauka zunubinsa ya fi ƙarfin gafara. A ganinmu wannan ma girman kai ne ya sake riga. Sai da agogo ya buga sha biyu na daren ƙarshe ya ce zai ƙone littattafansa, amma ina, bakin alƙalami ya bushe.

'Yan'uwa, mu ma gobe za a damƙa mana aji, yara su riƙa ganin babu abin da ba mu sani ba. Ikonmu kaɗan ne, amma ya isa ya gwada halinmu. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.