Kafin Ka Sayi Fedar Korus, Ɗana

Ɗana, na ji ka tara 'yan kuɗinka, kana son sayen fedar korus don jitarka ta bes. Madalla, Allah ya sa albarka. Amma ɗan zauna tukuna. Kasuwa ba gudu za ta yi ba.

Ka fara sanin aikin ɗan akwatin nan. Sautin da ya fito daga jitarka, biyu yake raba shi. Ɗaya ya bar shi ya wuce yadda yake. Ɗayan ya ɗan tsare shi, tsarewar da ba ta kai ƙiftawar ido ba, wajen kashi 10 zuwa 30 cikin 1000 na sakan. Tsarewar kuma ba wuri ɗaya take tsayawa ba. Ta ɗan ƙaru, ta ɗan ragu, sai muryar ta riƙa hawa da sauka kaɗan-kaɗan. In aka haɗe su, kunne sai ya ji kamar mutum biyu ke kaɗa abu ɗaya. Ka taɓa kasa kunne ga 'yan amshin makaɗanmu na gargajiya? Tare suke ɗauka, amma babu mai faɗawa daidai kan ɗan'uwansa, kuma ɗan saɓanin nan shi ke cika amshin. Abin da feda ke kwaikwayo ke nan.

Kamfanin Roland na Japan ya sa wannan dabara cikin amfilifayarsa mai suna Jazz Chorus a 1975. A 1976 aka yi mata akwati nata, Boss CE-1. Masu jita da masu kibod suka fi morar ta. Mai bes aro ya riƙa yi, ka kuwa san zanen aro ba ya rufe katara.

Ga inda gizo ke saƙar. Tsirkiyarka ta E, mai kaurin nan, tana karkarwa wajen sau 41 a sakan ɗaya. Kowane zagaye yana cin kashi 24 cikin 1000 na sakan. To, in kwafin ya makara da rabin haka, sai ya zama ɗaya na tura lasifika waje, ɗayan na janye ta ciki. Su cinye juna. Da yake jinkirin yawo yake yi, gindin sautinka sai ya riƙa zuwa yana ɓacewa, kuma ya yi ta tangaɗi kamar ba ka saita jitar ba.

A ɗakinka, kai kaɗai, ba za ka lura ba. Daɗi ma za ka ji, har ka lumshe ido. Sai ranar biki ta zo, ko hidimar Lahadi a coci. Mai ganga ya taka babbar gangarsa ta ƙafa, ya nemi ka, bai same ka ba. Masu rawa su ji ƙasa ta yi musu laushi, ba su san dalili ba. Mawaƙiya ta waiwayo ta harare ka. Mai kula da sauti ya ƙara maka murya don ya ceci lamarin, sai komai ya dagule. Ba laifin hannunka ba ne, ɗana, kuma na san ba da gangan za ka yi ba. Amma wanda ya kira ku wasa bai san wannan ba. Ya dai san kiɗan bai zauna ba.

Saboda haka abu na farko da za ka tambaya shi ne: fedar nan tana ƙyale ƙasan sauti? Masu ƙerawa sun daɗe da gane matsalar. Boss ya fitar da CE-2B don bes a 1987, sannan CEB-3 a 1995, mai wani abin murɗawa da aka rubuta wa Low Filter. Da shi kake zaɓar iya inda korus zai sauka, ya yi wa sama ado ya bar ƙasa a tsaye. MXR Bass Chorus Deluxe tana da maɓallin X-Over, wanda ke rage tangaɗin daga karkarwa 100 a sakan zuwa ƙasa. Bass Clone ta kamfanin Electro-Harmonix ma tana da irinsa. Ban ce lalle sai ɗaya cikin waɗannan ba. In ka sami wata da ba ta yi suna ba, amma tana da wannan tacewar, ko wurin da za ka ƙara tsantsar sautinka a kan mai adon, ka saurare ta da kyau. Wata kuma za ka ga maɓallai birjik har da fitilu. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Sannan ka tambayi kanka irin kiɗan da kake yi. Peter Hook na Joy Division da New Order, 'yan Mancesta ta Ingila, korus ɗinsa mai kauri ne ƙwarai, da wata feda mai suna Clone Theory. Amma ka lura, can sama a wuyan jita yake yawan kaɗawa, shi ke ɗauke da karin waƙar. Jaco Pastorius na Weather Report kuwa, jitarsa ba ta da ƙarafan wuya, kuma da na'urar jinkirta sauti ta MXR ya riƙa samun faɗin nan. Dukansu biyu a gaba suke tsayawa. In kai aikinka riƙe kiɗa ne daga baya, korus na 'yan wurare ne: waƙa mai sanyi, buɗe waƙa, ko inda aka bar maka fili kai kaɗai. Ka murɗa Rate, wato saurin tangaɗin, ƙasa, Depth ma, wato zurfinsa, kada ya wuce rabi. In mai saurare ya fara jin fedar kafin ya ji ka, ta yi yawa.

Za ka ji ana gardamar analog da dijital. Na analog sautinsu ya fi duhu da ɗumi, na dijital sun fi haske, sun kuma fi cin wuta. Kada gardamar nan ta hana ka barci. Haka zancen mafita biyu, dama da hagu. Yana da daɗi a situdiyo, amma a yawancin wuraren wasanmu waya ɗaya za a miƙo maka.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka tafi da jitarka, ba ta mai shago ba. Ka kaɗa E a sake, ka riƙe ta, ka taka feda, ka sake takawa. In ƙasan ya rame lokacin da fitila ta kama, ka gode wa mai shago ka ajiye masa kayansa. In ta hannu ce, babu aibu, akwatunan ƙarfen nan suna da rai. Sai dai ka murɗa kowane maɓalli kana saurare, don ƙurar hunturu na shiga ciki ta sa su ƙaraf-ƙaraf. Ka girgiza waya a bakin ramin, ka ji ko sauti na yankewa.

Ka ware wani abu cikin kuɗin don adafta ta kirki, araha ba ta ado. Yawancin fedojin nan wutar bolt 9 suke sha, kuma tsakiyar bakin adaftar nagatif ne. Ta wani rediyo ko ta fitila na iya shiga ramin daram, ta ƙone maka feda nan take. In daga Amurka aka kawo adaftar, duba jikinta. Wutarsu 120 ce, tamu 230, sai ka ga an rubuta 100 zuwa 240 kafin ka soka ta a bango, balle a janareta. In kuwa da batir za ka yi aiki, ka riƙa zare wayar jita daga feda da zarar an tashi. Muddin tana ciki batirin na tafiya, ko da fitilar a kashe take. Ka kuma ajiye sabo ɗaya a aljihun jakar jitarka.