Darasi Na 14: So Da Neman Ilmi

'Yan'uwa, darasinmu na yau a kan abin da kowa ya sani ne, ko da ya ke ba kowa ke son faɗinsa cikin jama'a ba, watau so. Kada kowa ya sunkuyar da kai. Da so a ke kafa gida, da gidaje kuwa a ke kafa gari. Za mu duba mu ga inda karatu da koyon sana'a ke taimakon saurayi da budurwa, da miji da mata. Ku karanta a hankali, layi layi. Wanda ya kakare, na kusa da shi ya ɗora shi.

1. Tafiya Da Wasiƙa

Mutanen ƙasarmu matafiya ne tun da. A 1929 hanyar jirgin ƙasa wadda ta taso daga Zariya ta biyo ta Gusau ta iso Ƙauran Namoda, nan ta tsaya. Sai garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga. Da kaka ta wuce, samari su kan shiga jirgi su tafi cin rani, waɗansu Zariya, waɗansu Kano, waɗansu har Ikko. Su kan bar iyali a gida, ko budurwar da aka yi musu baiko da ita.

To, mutum yana Ikko, zuciyarsa tana Zurmi, yaya zai yi? Sai wasiƙa. In bai iya rubutu ba, sai ya tafi wurin mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, ya biya, ya faɗa masa abin da ke cikinsa. In takarda ta iso gida, matar ba ta iya karatu ba, sai ta nemi yaron maƙwabta ya karanta mata. Ku ƙidaya. Maganar mutum 2 ta zama ta mutum 4. Kafin magariba rabin unguwa sun san nawa ya aiko, da abin da ya ce game da uwar mijinta. Hausawa sun ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Wanda bai iya karatu ba kuwa, ko ya so ya riƙe asirinsa, dole ya ba wani ajiya.

2. Abin Da Ya Faru A 1 Ga Zamaninmu, Shekarar 2021

Wani zai ce, "Malam, ai wannan labarin da ne. Yanzu akwai waya. In ina son magana da iyalina sai in buga, ko in aika da murya." Gaskiya ne, waya ta sauƙaƙa abubuwa da yawa. Amma ku tuna da watan Satumba na 2021. Saboda fitinar ɓarayin daji, hukuma ta sa aka katse layukan waya a Jihar Zamfara, aka kuma rufe kasuwannin mako, har da babbar kasuwar Shinkafi. Aka yi makonni da dama waya ba ta shiga, ba ta fita.

Me mutane suka yi? Suka koma wa takarda da alƙalami. A kan rubuta wasiƙa a kai tasha, a ba direba, shi kuma ya kai garin da za shi. A kwanakin nan, matar da ta iya rubutu ta sanar da mijinta da hannunta cewa ita da yara suna lafiya. Wadda ba ta iya ba, sai ta jira mai taimako, shi kuwa yana da nasa uzurin. Kun ga ke nan, waya tana iya ɗaukewa, caji yana iya ƙarewa. Abin da ke cikin kanka yana tare da kai duk inda ka sa ƙafa.

Ko a ranar da waya ke aiki, akwai bukatar karatu. Wa zai karanta miki saƙon da ke nuna kuɗin da mai gida ya turo sun shigo? Wa zai karanta maka takardar maganin da aka rubuta wa matarka a asibiti, ƙwaya nawa da safe, nawa da dare? Wanda ka ke so, lafiyarsa amana ce a hannunka.

3. Ba Yau Aka Fara Ba

Kada wani ya ce ajin manya baƙon abu ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta shirya ƙungiyar mata da a ke kira 'Yan Taru. Shugabar kowace tawaga ita ce jaji, a kan sa mata malfa don a san matsayinta. Jaji ta kan jagoranci mata daga ƙauye su zo wurin Nana su ɗauki karatu, sa'an nan su koma su koya wa na gida. Mijin Nana shi ne Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, shi ma malami ne marubuci. Ilmin matarsa bai rage masa girma ba ko kaɗan, har yau a kan ambace su tare da alheri.

A farkon shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci. Malam Ahmadu Kumasi na Katsina yana cikin manyan shugabannin aikin. Aka buɗe azuzuwa a ƙauyuka, a zaure da gindin itace. Hukumar NORLA ta Zariya ta yi ta buga ƙananan littattafai da jaridun larduna har zuwa 1959. Jaridar Lardin Sakkwato, wanda ƙasarmu ke cikinsa a lokacin, sunanta Zaruma. Dattijo mai furfura ya zauna bisa tabarma yana haɗa baƙi da wasali, ba wanda ya yi masa dariya. Gemu ba ya hana ilmi.

Ga kuma Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta Kano. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya ƙarama. Daga baya ta shiga ajin manya, ta dage. Yau tana cikin sanannun marubutan littattafan Hausa na zaman aure da soyayya. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya fito a 1990, sunansa Wa Zai Auri Jahila? Wadda a da sai a karanta mata, ga ta dubban mutane suna karanta abin da ta rubuta.

Mu faɗa kuma, wanda ya iya ajami ya riga ya yi rabin tafiya. Wasiƙar ajami wasiƙa ce. Ya riƙe ajaminsa, ya ƙara da boko, ya zama yana da fartanya 2.

4. Sana'a Da Zaman Aure

So yana kawo aure, amma ba ya cika rumbu. Yawancin rigimar gida, in ka bi sawunta, za ka tarar da ita a bakin murhu: babu cefane, babu sabulu, babu kuɗin magani. Don haka ne ajin manya ba ya tsayawa ga karatu kaɗai. A kan koyi ɗinki da saƙa da haɗa sabulu, da yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli cikin tsabta. Maza su kan koyi kafinta, da gyaran babur, da gyaran waya. A Ƙauran Namoda akwai babbar makarantar koyon fasaha ta gwamnatin tarayya, wadda aka kafa a 1983. Uwa da uban da suka san daɗin aji, su ne ke tura 'ya'yansu irin wannan wuri.

Kowace sana'a kuwa tana neman karatu da lissafi. Mai ɗinki ba ta rabuwa da tef ɗin awo. In ba ta san lamba ba, sai ta yanka atamfar amarya a karkace, ta biya daga aljihunta, ta kuma sha kunya. Mai man gyaɗa in ba ta rubutawa, ta yi ta juya cokali wata da watanni ba ta san ko riba ta ke ci ko uwar kuɗi ba.

Ga misali, farashin na koyo ne kawai. A ce mace ta sayi gyaɗa tiya 5, kowace tiya naira 3,000. Kuɗin gyaɗa ya zama naira 15,000. Niƙa naira 1,000, itace naira 500. Duka abin da ta kashe naira 16,500. Ta sami mai kwalba 5, ta sayar da kowace kwalba naira 2,800, watau naira 14,000. Ta sayar da ƙuli-ƙuli na naira 5,000. Abin da ya shigo naira 19,000. Ku ɗebe 16,500 daga 19,000. Saura 2,500, ita ce ribarta. In ta ba da bashin kwalba 1 ta manta, riba ta tafi, har ta taɓa jari da naira 300. Littafin kwabo da fensir su ne maganin wannan.

Ina jari zai fito? Ku tuna, sadaki haƙƙin amarya ne, ba na ubanta ba, ba na mijinta ba. Yarinyar da ta koyi ɗinki kafin aure tana iya haɗa sadakinta da abin da ta tara a adashi ta sayi keken ɗinki. Kwanon ado yana zaune a kabad yana shan ƙura. Keke kuwa kullum yana kawo na cefane.

5. Ga Mai Gida Da Saurayi

Akwai mazan da ke hana matansu zuwa aji. Sun ce wai in mace ta iya karatu za ta raina miji. Mu tambaye su: wadda ba ta iya ba, ba a taɓa ganin ta yi raini ba? Raini daga hali ya ke fitowa. In abin da ke damunka fita ne, ajin mata daban ya ke, malamarsu mace ce. In hanya ba ta da lafiya, ku haɗu da maƙwabta ku nemi mai unguwa a buɗe aji a gida 1 cikin unguwarku. In kai ka iya, ka koya mata da kanka bayan sallar lisha, harafi 2 kowane dare. Kada ka yi mata tsawa in ta ɓata. In ita ce ta riga ka, ka zauna ta koya maka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kai kuma saurayi, toshi yana da kyau, turare da sabulu ba laifi. Amma ka sa littafi da fensir a ciki. Ka kuma sani wasiƙa ba ta maye gurbin magabata. In da gaske ka ke, ka tura manyanka gidansu. Kada ka rubuta abin da za ka ji kunya in kawunta ya gani. An ce magana zarar bunu ce. Rubutu ya fi ta wuyar mayarwa, gama yana nan ko bayan shekara 10.

6. Misalin Wasiƙa

Ga yadda mace za ta rubuta wa mijinta da ya tafi cin rani. Ku lura, ba ta kama sunansa ba, ba ta kuma kama sunan ɗanta na fari ba.

Zurmi,
12 ga Janairu.

Zuwa ga Malam,
Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya kamar yadda mu ke a nan. Bayan haka, saƙonka ya iso, naira 20,000 daidai. Na ba Inna naira 5,000 kamar yadda ka ce, ta sa maka albarka. Yaron nan ya yi zazzaɓi, na kai shi asibiti, ya warware. Na gama ɗinkin riguna 3 na biki, an biya ni. Wannan takarda da hannuna na rubuta ta, ba wanda ya gani. Gida ya yi mana faɗi tun da ka tafi. Allah ya dawo mana da kai lafiya.
Ni ce iyalinka.

Tambayoyi

1. A wace shekara jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda?
2. Me ya sa mutane suka koma rubuta wasiƙa a 2021?
3. Mece ce jaji, kuma mene ne aikinta?
4. Sadaki haƙƙin wane ne?
5. In mai man gyaɗa ta sayar da kwalba naira 3,000, nawa ribarta za ta zama?

Aikin Gida

Kowa ya rubuta wasiƙa mai layi 5 zuwa ga mijinta, ko matarsa, ko wani nasa da ke nesa. Ku sa sunan gari da kwanan wata a sama. Ba za mu karanta ta a gaban aji ba. Wanda ke son gyara ya kawo wa malami shi kaɗai. Ranar aji mai zuwa kowa ya zo da ambulan, za mu koyi rubuta adireshi.