Amsoshin Tambayoyinku: Zanga-zanga ta taɓa dawo da tallafin mai?

Ta taɓa, amma rabi da rabi; amsar tambayar wani mai sauraronmu na Ɗorayi a Kano ke nan. Ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin, litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141. Leburan da a lokacin yake hawa acaɓa zuwa masana'antun Sharada, Challawa ko Bompai tun da sassafe ya ji a aljihunsa. Matasan Kano suka yi zaman dirshan a dandalin Silver Jubilee, ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka tsunduma yajin aiki ranar 9 ga wata. Ranar 16 gwamnati ta sassauto zuwa naira 97. Janyewar tallafin da Bola Tinubu ya yi a 2023 kuwa, zanga-zangar Agustan 2024 ba ta girgiza ta ba.